Tebur a Jikin Bango

Kwalbar ta gangara a hankali, ta ratsa tsakiyar ɗakin, ta je ta daki bango ta tsaya. Baba Kafinta yana durƙushe a kan gwiwoyinsa, ya bi ta da ido har ta daina motsi, sannan ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawon da ya daɗe yana fako.

"Kin gani ko? Ba keken ba ne, ba kuma hannunki ba ne. Ƙasan ɗakin ne a karkace. Wanda ya yi daɓen nan, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba."

Maman Biyu ba ta ga komai ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, kunnenta a titi, idonta a kan wuyan tsohon, inda wata jijiya take bugawa da sauri. Abin da take so kawai shi ne ya tashi daga ƙasan nan ya koma gidansa kafin wani ya gan shi. Ya yunƙura zai miƙe, gwiwa ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, numfashinsa ya fara fita da wani ɗan fito. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta tura gabansa, ya dafa, ya tashi da ƙyar yana dariya.

Ɗakin ba wani ɗakin a zo a gani ba ne. Sito ne a bayan gida, inda mijinta, direban babbar mota, yake jibge tsofaffin tayoyi da fankar da ta mutu tun kafin a haifi tagwayensu. Da kamfanin da take yi wa ɗinki ya rufe aka sallami kowa, sai ta samo tsohon kan keken ɗinki mai ɗan inji, ta fitar da tarkacen nan waje, ta share, ta ce nan ne zai zama wurin aikinta. Jakunkunan 'yan makaranta za ta riƙa ɗinkawa. Bayan keken ba ta sayi komai ba. Gwangwanayen madara suka zama gidan maɓallai da zif, ƙusoshin da ta kafa a bango suka ɗauki zare, fasasshen madubin ɗakinta ya hau jikin taga yana jefo mata haske. Tebur kuwa, tsohon ƙyauren banɗaki ta ɗora a kan akwatunan lemo. A nan gizo yake saƙar, domin da ta taka keken sai ƙyauren ya hau rawa, allura ta bi inda ta ga dama, ɗinki ya fito kamar sawun mai maye.

Bango ɗaya ne ya raba siton da rumfar Baba Kafinta. Ta cikinsa ya ji rawar keken kwana da kwanaki, har ya kasa daurewa ya zagayo da kwalba a hannu.

Da numfashinsa ya daidaita ya miƙa mata tafin hannu ya ce ta ba shi makulli. Ta ce ba za ta bayar ba. Ya ce akwatinsa ne, kayan aikinsa ne, tun ba a haife ta ba yake riƙe da zarto. Ta ce ta sani, amma ba za ta bayar ba. Ya kalle ta, ya kalli ƙyauren da ke kan akwatunan lemo, ya ja tsaki irin na wanda aka ɓata wa sana'a a gaban idonsa, ya fita yana dafa bango.

Maganar makullin nan ta samo asali ne tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti. 'Yarsa tilo, wadda kowa yake kira Nas saboda aikinta, ita ta haɗa zarto da guduma da duk wani abu mai nauyi ta zuba a akwati, ta danna kwaɗo. Tana zaune can wani gefen gari da mijinta da yaranta, ga aikin da ba ya barin mutum ya runtsa, tsohon kuma ya rantse ba zai bar rumfarsa ba sai an ɗauke shi. Sai ta shigo gidan Maman Biyu, ta kama hannunta ta sa mata makullin a ciki.

"Yaya, zuciyarsa ta gaji. Ba wasa nake miki ba, ta gaji. Ko guga ɗaya kada ya ɗaga. Zai roƙe ki, zai yi fushi, zai ba ki dariya. Kada ki ba shi."

Maman Biyu ta yi alkawari da sauri, har tana jin daɗin an ga ta isa a ba ta amana. Kuma a gaskiya ta ɗan yi murna a ɓoye, domin shekara da shekaru tana mitar ƙarar gudumar nan da ba ta barin jariri ya yi barci. Ba ta san cewa ƙarar nan ita ce take gaya mata tsohon yana nan lafiya ba sai da aka ɗauke ta. Yanzu rumfar ta yi tsit, kuma shirun mai lafiya da na marar lafiya duk iri ɗaya ne a kunne. Sai ta tsiri zuwa aro. Da safe ashana, da hantsi tsintsiya, da rana wai tana neman kazarta, ita da ba ta taɓa kiwon kaza ba. Kullum ta same shi zaune a benci, hannuwansa a kan cinya, yana kallonsu kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Ban mutu ba tukuna, 'yar nan," haka yake tarbarta. "Ki dawo da la'asar, ƙila ki dace."

Tana dariya, amma ta baki kawai. Kwanon abincin da take kai masa yana dawowa kusan yadda ya tafi. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya wuce ƙofarsa ba tare da ya tsokane shi ba, yanzu sai a gaishe shi sau biyu kafin ya ɗaga kai. Ta gaya wa mijinta a waya, ya ce ta bi abin da Nas mai uba ta ce, ita ce ta yi karatun abin, kada ta jawo musu magana. Gaskiya ya faɗa, ta sani. Amma shi ba ya ganin kwanon.

Ranar da ya zo da kwalbar nan ce kaɗai ta ga idonsa ya dawo irin na da. Ta yini tana juya abin a ranta. In ta ba shi makullin wani abu ya same shi, da wane ido za ta kalli Nas? In ta hana shi kuma, ga shi nan yana narkewa a gabanta, ba zarto ba guduma. Ko ta ina ta juya tsoro take gani. Washegari ta ɗauki makullin daga cikin gwangwanin maɓallai ta zagaya, ta tsaya a kansa ta karanta masa sharuɗɗa kamar alƙali. Ita za ta buɗe akwatin, ita za ta rufe. Ita za ta yi yanka, ita za ta buga ƙusa. Shi nasa fensir ne da samfefa, wato takardar nan mai kaushi da ake goge katako da ita, sai kuma baki.

"Baki kam ina da shi," in ji shi.

Kuma yana da shin. Maman Biyu ta sha faɗa a kamfani, amma ba ta taɓa haɗuwa da shugaba irin wannan ba. Ya ce tana riƙe zarto kamar za ta yanka albasa. Ya ce ta daina danna shi, ta bar shi ya ci da kansa, ai ba rigima suke yi da katakon ba. Ya tura ta bayan rumfa ta jawo ƙafafun wani tsohon gado da mai shi bai taɓa dawowa ya karɓa ba, ya ce su ne ƙafafun tebur. Bai auna su daidai da juna ba. Sai da ta kai kowace ƙafa siton ta tsayar da ita a inda za ta zauna, ta dawo ta gaya masa, ya ja layi da fensir, ta rage kaɗan, ta sake komawa. Biyu na jikin bango suka fi na gaba tsawo. Ta ce ai wannan gurgun tebur ne. Ya ce ƙasanta ce gurguwa, tebur kuwa biyayya yake yi wa ƙasar da zai tsaya a kai. Ya sa ta zauna a kujerarta ta lanƙwasa gwiwar hannu, ya duba tsayin da ido daga inda yake zaune, ya ce ta ƙara cire faɗin yatsa ɗaya.

Hannunta ya yi bororo, kafaɗarta ta riƙe, amma kwanon ya fara dawowa a suɗe. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba ko na rana ɗaya. In ya yi tari sai zarton ya tsaya a hannunta. In ya sunkuya ɗaukar fensir sai ta riga shi. Sau ɗaya ta juya baya ta dawo ta same shi da guduma a hannu, bai buga komai ba, yana dai jinjina nauyinta. Ta fizge ta, ta hau shi da faɗan da ba ta taɓa yi wa babba ba.  Da ta gama ya ce ta yi haƙuri, gaisawa kawai suka yi shi da gudumar.

Nas ta zo ranar hutunta. Kafin ta iso an share garin katako, an rufe akwati, makulli ya koma cikin maɓallai. Ta auna jinin mahaifinta, ta duba ƙafafunsa, ta ce ya ɗan ciko. Da za ta tafi ta leƙo wurin Maman Biyu ta yi mata godiya, irin godiyar da ke sa mutum ya rasa inda zai sa fuskarsa. Maman Biyu ta ɓoye tafin hannunta a cikin mayafi.

"Kada cin abincin nan ya ruɗe ki, Yaya. Irin wannan ciwon ba ya sallama. Ki dai riƙa saurarensa, kin fi ni kusa."

Ta ce to. Maganar buɗe akwatin tana bakin Maman Biyu, ta kusa fitowa, sai ta haɗiye ta. Ta ce wa kanta ai an kusa gamawa, saura durowa kawai, in aka gama shi ke nan babu abin faɗa.

Durowar 'yar ƙarama ce, ta almakashi da allurai. Maman Biyu ta harhaɗa ta, Baba ya ce ba za ta shiga gidanta ba sai ya goge ta yadda ba za ta kama zare ba. Wannan aikin nasa ne bisa sharaɗi, ba ta da ta cewa. Sai ya zamana tana siton tana jera kayanta, tana jin samfefa ta bayan bango, shuu, shuu, a hankali, ya huta, ya ci gaba. Ba ta taɓa jin sautin da ya kwantar mata da rai kamar wannan ba. Ta daina zuwa aron ashana. Muddin tana jin shuu ɗin nan, tsohon yana nan.

Ranar da ta ɗaure keken a kan sabon tebur, da hantsi ne, tagwaye suna makaranta. Ta ɗaga murya ta ce, "Baba, zan gwada." Ya amsa ta cikin bango cewa ta taka da ƙarfi, in ya motsa ta zo ta karɓi kuɗinta. Ta yi dariya, ta saurara, ta ji shuu, shuu, sannan ta taka.

Teburin bai ko girgiza ba. Allura ta miƙe ɗoɗar a kan layi, kamar a kamfani. Maman Biyu ta ji wani abu ya saki a ƙirjinta wanda ya daɗe a ɗaure tun ranar da aka sallame su. Ga tulin hannayen jaka da ta yanka tun tuni ta kasa ɗinkawa saboda dogon ɗinki ne, ba ya son karkata. Ta jawo su ta fara turawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da yanke zare ba, yadda suke yi a wurin aiki, wannan na fita wancan na shiga, suna zubowa ta bayan tebur a sarƙe da juna. In zaren ƙasa ya ƙare hannunta ne yake canzawa, hankalinta bai ma san an tsaya ba. Har waƙa ta kama yi ƙasa-ƙasa.

A da, lokacin ƙyaure da akwatunan lemo, keken ba ya yin nisa sai ta tsaya ta gyara zamansa, ta tura takarda a ƙarƙashin akwati, ta warware ɗinkin da ya kauce. A cikin waɗannan tsaye-tsayen ne take saurarar bango, ba tare da ta san tana yi ba. Yanzu babu abin da zai tsayar da ita.

Hannun jaka na ƙarshe ya faɗa ƙasa, ta ɗaga ƙafa daga feda. Hasken da madubi yake jefowa ya bar kan tebur ya koma can gefe. Ta miƙe bayanta, ta buɗe baki za ta gaya masa cewa ya ci kuɗinsa, sai ta ji shirun.

Ta ce ƙila hutawa yake yi. Ta jira. Ta ƙwanƙwasa bango da bayan almakashi. Ta kira shi sau ɗaya da muryar wasa, sau ɗaya da muryarta ta gaske. Ba ta san lokacin da ta fita ba takalmi ba.

Yana zaune a bencinsa, amma ba a inda bencin ya saba zama ba. Ya jawo shi daga bakin rumfa ya kai shi jikin bangon da ya raba su, ya jingina bayansa da ƙeyarsa a kai. Durowar tana kan cinyarsa, samfefa ta faɗi kusa da ƙafarsa. Idonsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe. Ta taɓa hannunsa, bai yi sanyi sosai ba, bai kuma yi ɗumin mai rai ba. Ta durƙusa a gabansa tana kiran Baba, Baba, a hankali, kamar tana tsoron ta tashe shi, har mai shagon bakin titi ya ji ya shigo.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su ne a tsaye. Ta dafa, ta kai, ta wanke, ta tarbi masu zuwa gaisuwa, kowa yana cewa Allah ya saka mata, ta riƙe maƙwabtaka. Kowace kalma kamar ana ɗora mata dutse. Ba ta shiga siton ba. Nas ba ta tambaye ta komai ba, ita kuma ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Sai da mutane suka ɗauke ƙafa, wata ranar da yamma, Nas ta yi sallama ta shigo da durowar a hannu. Ta ce ta duba duk gidan ba ta ga teburin da ya rasa durowa ba. Maman Biyu ta wuce gaba ta buɗe siton. Nas ta tsaya tana kallon teburin, ta gane ƙafafun gadon nan da ta yi wasa a kansu tana yarinya. Ta sunkuya ta zura durowar a gidanta, ta shige ba ko ƙara.

A nan Maman Biyu ta faɗa mata komai, tun daga kwalba har gudumar da ta fizge. Ta nuna mata tafin hannunta, ta ce wallahi bai yanka ko sili ɗaya ba, amma ta buɗe akwatin, ita ta buɗe, kuma ta ɓoye mata. Nas ta saurara har ƙarshe, fuskarta ba ta nuna fushi ba, ba ta kuma nuna yafiya ba. Ta ce samfefa ba ta kashe mutum, benci ne dai bai kamata ya ja ba. Sannan ta yi tambayar da Maman Biyu take kwana tana yi wa kanta tun ranar.

"Ya kira ki?"

"Ban sani ba. Keken yana aiki."

"Tun yaushe zuwa yaushe?"

"Ban sani ba, ƙanwata. Na daɗe."

Nas ta dubi bangon. Ta ce wa Maman Biyu ta zauna ta taka keken yadda ta taka shi ranar, ita za ta zagaya ta zauna a inda ya zauna ta kira ta, su ji ko murya tana ratsowa. Maman Biyu ta so ta ce a'a. In ta ji kiran, to bai kira ba ke nan, ya tafi cikin sauƙi. In ba ta ji ba fa? Amma ba ta da bakin hana 'yar mutum sanin yadda ubanta ya cika. Ta zauna, ta jawo wani ƙyalle, ta ji fitar Nas, ta ji ƙarar benci ta bayan bango, ta taka.

Ta kasa kunne har kanta ya fara sarawa. Ba ta jin komai sai injin. Ƙyallen ya ƙare ta juya shi, ya sake ƙarewa ta sake juyawa, hawaye yana sauka a bayan hannunta. Da ta ga ba za ta iya ba ta ɗaga ƙafa, ta tashi ta zagaya.

Nas tana zaune a bencin, ta jingina bayanta da ƙeyarta a bango, takalman aikinta a ajiye a gefe.

"Ban ji ki ba," in ji Maman Biyu da ƙyar.

"Ban kira ba." Ba ta buɗe ido ba. "Na buɗe baki na kasa. Ashe in kina ɗinki bangon nan motsi yake yi a bayan mutum, kaɗan-kaɗan, har cikin ƙashi." Ta ja numfashi. "Don Allah, Yaya, koma ki ƙara kaɗan."

Maman Biyu ta koma siton. Ƙyallen ya cika da layuka, babu sauran inda allura za ta bi. Ta zare shi, ta zare zaren, ta ɗora tafin hannunta ɗaya a jikin bango, ta taka. Allurar ta ci gaba da hawa da sauka a kan babu komai, rana tana ja da baya daga bakin taga.